Sharar Masussuka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa irin wadda kika koya mini, gwiwa biyu a ƙasa, ina fatan makwanci ya yi sanyi, ƙasa kuma ta yi miki sauƙi. Ba zan tambaye ki gajiya ba, don na san wannan kam kin sauke ta. Mu ne dai muke nan da tamu. Autanki Nafi'u yana gaishe ki, ko da yake bai san ina rubutun nan ba, da ya sani kuwa da ya ƙwace wayar.

E, a waya nake rubuta miki. Na san har kika koma ga Allah ba ki yarda da abar nan ba. In an miƙa miki sai ki riƙe ta nesa da kunne kamar za ta cije ki, ki yi ta ɗaga murya har maƙwabta su san abin da kuke ciki. Tunda mutane za su karanta, na sauya sunaye, na kuma ɓoye sunan garinmu. Aminiyarki zan ce mata Iya Dije. Ke kin san wadda nake nufi.

Ina zaune a ɗakinki, na turo ƙofa, na saki labule. Lafiyata ƙalau. A bayan gida ake sussukar geron gayaunarki, gonar nan da ni da Nafi'u muka ƙi rabawa, kuma kin san ƙa'ida, mai hatsi ba ya tsayawa a kan masu aiki in an kusa gamawa. Rabon da a ji taɓarya a masussukar nan tun shekarar da kika tafi. Ya kamata in yi murna, amma na kasa, don ƙarar nan ta zo da tsada, kuma ba ni ce na biya ba.

Kin tuna yadda kaka take a da. In an yanke gero an ɗaure, sai matan unguwa su bi gidajen manoma da turame da taɓare, su sussuke, su sheƙe, su zuba a buhu. Ladan aiki kowa ya san shi, a gaban kowa ake aunawa. Amma ba ladan ne ke riƙe gidan matar da mijinta ya rasu ba, shara ce. Duk abin da ya zube a gindin turmi, da wanda iska ta kwasa wurin shiƙa, na masu aiki ne. Magidancin kirki in ya ga an kusa gamawa sai ya tuna yana da magana a masallaci, uwar gida kuma ta shige ɗaki. Kafin ya fita, ƙafarsa takan yi tuntuɓe da ƙwarya cike da tsaba. Ya yi salati, ya wuce, ba ya waiwaye.

Ina ƙarama na taɓa leƙawa ta danga, na dawo da gudu ina cewa Baba ya zubar da gero. Kika kama kunnena kika murɗe har na ga taurari da rana. Kika ce, "Ke, idonki ya cika gani. Mutum yakan koyi rufe shi." Ban gane ba a lokacin. Sai da Baba ya rasu, kika ɗauki taɓarya kika bi su Iya Dije, na ga kina dawowa da yamma da ƙaiƙayi har a gira, da ƙunshin shara a ka. Da sharar nan muka ci tuwo, da ita na yi makaranta, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya ba ki sadaka.

Sai shekarar kullen annoba ta zo. Cikin azumi kika kwanta, ni ina Bici gidan mijina, hanya a rufe, ba mota ba babur. A waya aka faɗa mini, a waya aka yi mini ta'aziyya. Iya Dije ce ta zauna da ke, ita ta rufe miki ido, ita ta wanke ki, a lokacin da mutane ke tsoron ko gaisawa da hannu. Har yau ba ta taɓa ɗauko maganar nan ba, ni ma ban san da bakin da zan gode mata ba.

Abin da ya biyo baya ba ki gani ba. Da 'yan kasuwa suka kasa zuwa, sai suka koyi saye ta waya. A nuna musu hatsi a hoto, su turo kuɗi, su ce a cika mota kafin jibi. Wace taɓarya ce za ta cika mota kafin jibi? Ga shi an ce taron mata ma haɗari ne. Sai wani Alhaji ɗan garin nan da ke zaune a birni ya kawo injin sussuka, ya ce na ɗan lokaci ne, kafin cuta ta wuce. Cuta ta wuce, Inna. Injin yana nan, har ya yi 'yan'uwa, suna yawo daga nan har ƙauyukan Kunci.

Ba zan yi miki ƙarya ba, injin yana aiki. Abin da kuke kwana da kwanaki a kai, shi kafin azahar ya gama. Ana shimfiɗa masa tamfol, ya haɗiye zangarniya ta nan, ya tofar da tsaba cikin buhu ta can. In ya tashi, ko kaza ta zo wurin sai ta koma da yunwa. Manoma suna yabonsa, suna cewa ba ya ɓarna. Ɓarnar da suke faɗa kuwa ita ce tuwonmu na da.

Ni ma abin bai bar ni ba. Kin tuna shagon da nake buga wa ɗaliban kwaleji takardu, wanda kike fahariya da shi kina ce wa mata 'yar nan tana aikin ofis? Da aka rufe makarantu yara suka koyi bugawa a wayoyinsu, yanzu ma an ce wayar ce ke tsara musu rubutun. Mai shago ya sayar da kwamfutocin, ya ajiye tebur ɗaya na cirar kuɗi. Mu da muke cika shagon kowa ya kama gabansa. Yanzu ƙuli-ƙuli nake yi, kuma kada ki yi dariya, a waya nake tallarsa. Ina zagin abar nan da safe, da rana in ci abinci a cikinta.

Nafi'u ya gama kwalejin, ya yi ta yawo da takardu har takalminsa ya san kowace sakatariya, ba aikin koyarwa. Da Alhaji ya nemi mai tuƙa inji, shi ya samu. Ranar har shinkafa muka dafa. Ya yi aure a kan aikin nan, matarsa yanzu cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe. Amma aikin ba irin wanda kika sani ba ne, inda maigida ke zuwa ya gan ka ku gaisa. Akwai wata 'yar na'ura a jikin injin, ba ta fi akwatin ashana ba. Ita ke faɗa wa ɗan Alhaji, yana zaune a birni, inda injin yake, da lokacin da ya tashi, da lokacin da ya tsaya, da ko lafiyarsa ƙalau. Layin manoma ma a waya yake, ita ke cewa yau gonar wane, gobe ta wane. Kwanaki Nafi'u ya kashe inji ya bi jana'izar liman, kafin a dawo daga maƙabarta saƙon gargaɗi ya riga shi gida. Aka ce masa in ya sake, akwai samari da yawa da ke jiran makullin.

Iya Dije fa? Inna, ta rame. Jikokinta biyu mata da ɗanta ya rasu ya bari suna hannunta. Kakar farko ta ce abin na ɗan lokaci ne. Ta biyu ta sayar da akuyarta. Bara na kasa daurewa, na tura mata ɗan abin da ya sawwaƙa ta hannun mai cirar kuɗi na bakin kasuwa. Shi kuma sarkin hankali ya hango ta, ya ƙwala mata kira a gaban jama'a, wai ta zo an turo mata taimako daga Bici. Ko tsayawa ba ta yi ba. Ta aiko mini da saƙo, har da kama sunanki: "A ce wa 'yar Habi hannuna bai mutu ba tukuna." Na ji kunnena yana zafi daidai inda kika murɗe.

Bana ta yanke shawara. Wata 'yar'uwarta ta samo mata wanke-wanke a wani gidan kwanan ɗalibai a Rijiyar Zaki, can cikin birni. Ba a zuwa da yara, don haka za a raba jikokin, ɗaya gidan kawu, ɗaya gidan gwaggo, a rufe gidan. Tsohuwar da ba ta taɓa kwana a birni ba za ta je ta kwana a baranda tana wanke wa 'ya'yan wasu tukwane. Ta riga ta ɗaure kayanta, ta yi magana da direban motar kasuwa ya ajiye mata wuri gobe. Shi ya sa na baro Bici na zo jiya.

Jiya da la'asar muka yi ta da Nafi'u a zaure, irin faɗan da ba mu taɓa yi ba. Na ce ya cire gayaunarki daga layi, mu bar wa Iya Dije ta sussuke. Ya ce sunan ya riga ya shiga waya, in gidan mai tuƙi da kansa ya ƙi inji, me zai faɗa wa masu shi? Na ce matar da ta wanke uwarka ce. Ya ce ya sani, ita ma matar da ke ɗakinsa ba dutse za ta ci ba. Na ce da kina raye da bai isa ba. Nan ya miƙe, idonsa ya yi ja, ya ce, "Yaya, ke da kike zuwa da kaka ki koma, ke ce za ki koya mini Inna?" Ya daɗa da cewa ko na cire sunan, Iya Dije ba za ta zo ba. Ga inji a ƙofar gida, a kira ta da taɓarya, ai ta san tausayi ne, kuma na ga yadda ta yi da tausayina bara. Nan kam gaskiya ya faɗa. Muka rabu ba sallama.

Yau da hantsi ya jawo injin bayan gida. Bai gaishe ni ba, ni ma na ɗaure fuska. Aka shimfiɗa tamfol, ya tayar, gari ya cika da ƙara. Ina tsaye ina kallon dammunan geronki suna shigewa ɗaya bayan ɗaya. Ta saman danga ina hango ƙofar Iya Dije a rufe. Ga hadari ya fara haɗowa daga gabas, irin na ƙarshen damina da ba ya sallama.

Bai kai rabi ba sai injin ya yi tari ya mutu. Nafi'u ya sauko, ya buɗe murfi, ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can. Sannan ya ɗaga murya, fiye da yadda ake buƙata, yadda duk mai kunne a unguwar zai ji, ya ce inji ya ƙi, sai an kawo kayan gyara daga birni. Yana faɗa yana sosa ƙeya. Inna, kin san sosa ƙeyar nan. Ita yake yi tun yana yaro in ya sha miki nono a ƙwarya ya ce mage ce. Bai kalle ni ba. Sama ya kalla, ya ce, "Yaya, ruwa na zuwa, hatsi a waje. A nemo masu sussuka."

Na je gidan Iya Dije. Na yi sallama, ta bar ni a tsaye. Ga ƙullin kayanta a bakin ƙofa, jikokin sun yi tsuru-tsuru a kan tabarma. Na durƙusa na ce inji ya lalace, geron aminiyarta zai jiƙe, ta taimake mu. Ta ce ita tafiya gare ta. Na roƙa. Ta ce bayanta na ciwo. Na sake roƙo, kuma wallahi roƙon gaske nake, hawaye na zuba. Sai da ta ja mini rai son ranta, sannan ta ce, "To, yau kun tuna da mu." Ta ɗaura ɗamara, ta leƙa gida biyu ta kirawo sauran tsofaffin abokan aikinku da suka rage.

Turminki mun same shi a kife a gindin bishiyar darbejiya, ya zama kujera. Da aka mirgino shi, Iya Dije ta shafa bakinsa da tafin hannu. Sannan ta ɗago ta dubi injin, ta dubi Nafi'u, kallo mai tsawo. Na ce shi ke nan, ta gane, yanzu za ta ajiye taɓarya ta koma. Sai ta kawar da kai, ta ce wa matan su matso da dammunan kusa, rana na tafiya. Ta gane, Inna. Na tabbata ta gane. Ita ma rufe ido ta yi.

Kowa a wurin nan ya iya kawar da kai, ban da 'yar na'urar nan. Ba a jima da fara sussuka ba wayar Nafi'u ta soma kuka. Ya shige zaure, na bi shi. Ya ajiye ta a kan tabarma muna kallonta, ta yi ta katse, ta sake ɗauka. Na ce ya tashi ya tayar da injin, ya faɗa wa mutane ya gyaru, ko yanzu an yi abin da aka yi. Ni da na matsa masa jiya, ni ce yau nake roƙonsa ya janye, don fuskar matarsa nake gani. Ya ce in ya tayar yanzu, ya tsinka tsohuwa a gaban ƙawayenta.

Daga ƙarshe ya ɗauka. Ina jin muryar ɗan Alhaji, ba ya ma faɗa, a natse yake magana kamar mai karanta sanarwa. Ya ce a wurinsa komai na nuna injin lafiya lau, me ya faru? Na ɗauka Nafi'u zai sake sosa ƙeya. Bai sosa ba. Ya rage murya don kada a ji a bayan gida, ya ce, "Ranka ya daɗe, lafiyarsa ƙalau. Ni na kashe." Aka tambaye shi dalili. Ta ina zai fara? Ya ce wa mutumin da ke kallon allo a birni akwai hatsin da dole ya zube ƙasa? Aka ce masa to, an rufe injin daga can, ko ya murɗa makulli ba zai tashi ba. Jibi wani zai zo ya karɓa.

Ya ajiye wayar. Sannan ya ce kada in kuskura maganar nan ta kai kunnen Iya Dije. Don haka duk wanda ya karanta ya gane mu, na haɗa shi da Allah ya yi abin da iyayenmu suke yi.

Ban san ko daidai muka yi ba, Inna. Ina jin tsoro. Ina tsoron ranar suna, ina tsoron rani, ina tsoron kallon da surukarki za ta yi mini in ta ji cewa bakina ne ya fara. Kuma ba wai mun ci nasara ba ne. Jibi sabon yaro zai hau injin, shi ba ruwansa da kowa a garin nan. Abin da aka samu kaɗan ne: maƙwabta biyu da ke bayanmu a layi sun ga hadari, sun ga inji a mace, sun aiko a tambayi matan ko za su shiga nasu gobe. In an haɗa lada da shara, zai kai Iya Dije tsakiyar rani. Baɗi kuma ban san ƙaryar da ta rage mana ba.

Ɗazu kafin in shigo ɗaki na kai musu ruwa. Iya Dije ta tsaya tana haki, gumi na bin wuyanta, ƙaiƙayi har a gira kamar yadda kike dawowa. Rabon da in ga bayanta a miƙe haka na manta. Ta sha, ta miƙo mini kofin, ta ce, "In kin ga direban nan, ki ce ya ba wani wurina. Aiki ya riƙe ni." Na ce to. Da na juyo, ga ƙwarya cike da tsaba a kan hanyata. Ban taɓa sanin tuntuɓe yana da wuyar yi haka ba. Na yi salati, na wuce, ban waiwaya ba.

Yanzu taɓarya ta yi shiru. Hadarin ya tsaya a gabas, bai sauko ba tukuna. Nafi'u ya shigo ya zauna a bakin gadonki, ya ba ƙofa baya, makullin da ba ya tayar da komai yana hannunsa. Daga bayan gida ina jin tsintsiya ta fara.

Inna, ni ce ta fari, ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki taɓa yabona a gaban mutane ba, har na girma ina zaton auta kaɗai kike so. Yau na ga abin da kika zuba a cikinsa, kuma na gane da irin wannan kawar da kan kika so ni. Ina kewarki ƙwarai. Da kina nan da kin san abin da za a ce wa yaron nan, ni na rasa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Baba a inuwar da ba ta gushewa. Allah Ya sauki matar Nafi'u lafiya, Ya buɗa masa ƙofar da ba a rufewa daga nesa. Allah Ya bar Iya Dije a ɗakinta da jikokinta, Ya ƙara wa hannunta ƙarfi. Mu kuma da muka rage, a zamanin da komai ke da ido, Allah Ya rufa mana asiri kamar yadda kuka rufa wa juna. Amin.

Taki har kullum,
'Yar nan.